Redis da Layukan Haɗi: Inda Cikas Yake Fitowa da Yadda Ake Magance Shi

Akwai ƙorafin da ake yawan ji daga bakin masu rubuta manhaja. An gaya musu Redis rumbun bayanai ne mai saurin gaske, sun ɗora shi a bayan shafinsu, komai ya tafi daidai a lokacin gwaji, sai ranar da jama'a suka yi cincirindo shafin ya tsaya cik. Nan take zargi ya faɗa kan rumbun. Wasu su ƙara masa girman na'ura, wasu su ce a sauya shi da wani, amma cikas ɗin yana nan daram. Sau da yawa idan aka bi diddigi, za a tarar rumbun bai ko yi gumi ba. Abin da ya lalace shi ne hanyar da manhajar ke bi ta isa gare shi: yadda take buɗe layi, yawan layukan da take riƙewa, tsawon lokacin da take jira, da abin da take yi idan layi ya yanke.

Ma'anar kalmomin

Rumbun bayanai manhaja ce da ke adana bayanai, tana bayar da su idan an nema. Irin su PostgreSQL da MySQL suna ajiye nasu a faifai, wato ma'ajiyar dindindin ta kwamfuta. Redis da Memcached kuwa suna riƙe bayanai a ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM. Ta fi faifai sauri nesa ba kusa ba, sai dai da wuta ta ɗauke, abin da ke cikinta ya tafi. Redis yana da hanyoyi biyu na sauke kwafi a faifai, RDB da AOF, amma amsar da yake bayarwa daga ƙwaƙwalwa take fitowa.

Uwar garke, wadda masu sana'ar ke kira saba, ita ce kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta yana jiran buƙatu. Ɗan aike shi ne ƙaramin laburaren da manhaja ke amfani da shi wajen magana da rumbun: Jedis da Lettuce a harshen Java, redis-py a Python, go-redis a Go, StackExchange.Redis a .NET, ioredis a Node.js. Layi shi ne haɗin TCP da ke tsakanin su biyun, wanda umarni ke bi ya tafi, amsa ta bi ta dawo. Ƙofa lamba ce da uwar garke ke saurare a kanta. Ta Redis ita ce 6379 idan ba a sauya ba. Zaren aiki kuma shi ne kowane ɗaya daga cikin ayyukan da manhaja ke gudanarwa a lokaci guda, misali zare ɗaya ga kowane baƙon da ya shigo shafi.

Duk saitin farko yakan taru a adireshi guda mai wannan siffa: redis://suna:kalmarsirri@adireshi:6379/0. Sifirin ƙarshe lambar sashe ce, domin Redis yana zuwa da sassa 16, daga 0 zuwa 15. Idan adireshin ya fara da rediss, mai s biyu, to layin a rufe yake da TLS, tsarin da ke hana na tsakiya karanta abin da ke wucewa.

Asalin al'amarin

Salvatore Sanfilippo, ɗan ƙasar Italiya daga Sisili, shi ya rubuta Redis a 2009 da harshen C, lokacin da yake neman hanyar da za ta ɗauki nauyin LLOOGG, manhajarsa ta lissafa maziyartan shafuka nan take. Akwai shawara ɗaya da ya yanke tun farko wadda har yau ita ke juya komai: Redis yana zartar da umarni ɗaya bayan ɗaya, a kan zare guda. Sigar 6.0 ta 2020 ta ba da damar a raba aikin karantawa da rubutawa a layuka ga zaruruwa da dama, amma zartar da umarnin kansa bai bar zare ɗaya ba.

Kamar mai shago ne guda ɗaya mai saurin hannu. Yana sallamar dubun-dubatar mutane cikin sakan ɗaya, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙara wa shagon tagogi ba zai ƙara masa hannu ba. Idan wani ya sa shi ƙirga duk kayan da ke cikin shagon, kowa sai ya jira. Umarnin KEYS a kan rumbu mai miliyoyin makullai, wato sunayen da ake ajiye bayanai da su, haka yake yi, shi ya sa aka tanadi SCAN mai bi kaɗan-kaɗan. Mai manhaja da ya ga layukansa duka sun makale a lokaci ɗaya, ya fara duba SLOWLOG, inda Redis ke rubuta duk umarnin da ya wuce millisakan 10, kafin ya taɓa saitin layi. Millisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan.

Tsadar buɗe layi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne buɗe sabon layi ga kowace buƙata, a rufe shi bayan an gama. A ido yana kama da tsafta. A aikace kuwa ɓarna ce. Kafin umarnin farko ya tafi, sai an yi gaisuwar TCP, wadda ke cin zuwa da dawowa ɗaya. Idan akwai TLS, a ƙara ɗaya ko biyu gwargwadon sigarsa. A aika kalmar sirri, a jira amsa. A zaɓi sashe, a jira amsa. Umarnin GET da aka yi duk wannan dominsa, Redis zai gama shi cikin ɗan abin da bai kai millisakan ɗaya ba. Wato share fagen ya ninka ainihin aikin sau da yawa.

Akwai kuma bango da ake karo da shi. A Linux, kowane layi mai fita yana ɗaukar lambar ƙofa ta wucin gadi daga 32768 zuwa 60999, ƙofofi 28,232 ke nan. Ɓangaren da ya fara rufe layi yana riƙe lambar har sakan 60 a halin da ake kira TIME_WAIT. A raba 28,232 gida 60, za a samu kusan 470. Manhajar da ke buɗe sababbin layuka fiye da 470 a kowane sakan zuwa rumbu guda, daga na'ura guda, tana iya ƙarar da ƙofofinta cikin minti ɗaya, alhali Redis yana can yana jira.

Nisa ma yana da nasa haraji. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a millisakan ɗaya. Tsakanin Legas da Landan akwai kusan kilomita 5,000, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza millisakan 50 ba, kuma wayoyin ƙarƙashin teku ba miƙe suke ba. Kamfanin da manhajarsa ke Najeriya, ya yi hayar Redis a Turai, ya zubar da saurin da ya biya kuɗi dominsa. Manhaja da rumbunta su zauna a cibiya ɗaya. Inda kuma umarni suka yi yawa, a jera su a aika a dunƙule, a karɓi amsoshin a dunƙule. Umarni ɗari su ci tafiya ɗaya maimakon ɗari.

Taskar layuka ko layi ɗaya na kowa

Kowa ya yarda a buɗe layi sau ɗaya a ci gaba da amfani da shi. Saɓanin yana kan yadda za a raba shi.

Ɓangare na farko suna amfani da taskar layuka. Ana buɗe layuka da dama a ajiye. Zaren da ke da buƙata ya ari ɗaya, ya gama, ya mayar. Jedis ya dogara da wannan, domin layinsa ba ya jure zare biyu a lokaci guda. Haka redis-py da go-redis suke zuwa da taska a cikinsu. Amfanin tsarin shi ne sauƙin fahimta, kuma abin da zare ɗaya ya yi a layinsa ba ya shafar na kusa. Illarsa tana wurin girman taskar da kuma mantuwa. Taskar Jedis tana zuwa da iyakar layuka 8, kuma idan sun ƙare, mai nema zai jira ba iyaka sai an saita masa wa'adi. Idan akwai wuri ɗaya a manhajar da ke arar layi bai mayar ba, musamman inda kuskure ya katse aiki a tsakiya, taskar za ta riƙa yoyo a hankali har ranar da za ta bushe.

Ɓangare na biyu suna ganin taska ba dole ba ce. Tunda Redis yana amsawa bisa jerin da umarni suka iso, zaruruwa da yawa za su iya zuba umarninsu a layi guda, ɗan aike ya riƙa miƙa wa kowa amsarsa bi da bi. Lettuce haka yake aiki, kuma shi Spring Boot ya mayar zaɓinsa na farko tun sigar 2.0 ta 2018. StackExchange.Redis ya gina komai a kan abin da ya kira ConnectionMultiplexer, wanda aka tsara a ƙirƙira sau ɗaya a raba wa manhaja baki ɗaya. Layuka kaɗan, nauyi kaɗan a kan uwar garke. Sai dai idan wani ya nemi ƙaton bayani mai megabait da yawa, duk na bayansa a layin sai sun jira ya wuce.

Abin da ke raba gardama shi ne cewa wasu umarni suna mallake layi. BLPOP yana tsayawa ne har sai wani abu ya shigo jerin da yake jira. Idan a layin kowa aka aika shi, kowa ya tsaya. Shi ya sa StackExchange.Redis bai ma tanadi irin waɗannan umarni ba. MULTI da EXEC, masu haɗa umarni da dama su zama aiki ɗaya, da WATCH da SELECT, duk suna barin alama a kan layin da aka aika su. Layin da ya yi SUBSCRIBE kuwa, a RESP2, tsohuwar ƙa'idar magana da Redis, ya koma na sauraro kawai. A ganina, ga manhajar da aikinta karantawa da rubuta ƙananan bayanai ne, layi ɗaya na kowa ya wadatar kuma ya fi sauƙin kula. Masu jira da masu sauraro da masu haɗa umarni, a ware musu nasu.

Wanda ya zaɓi taska, ya yi lissafi da alƙalami. Redis yana karɓar layuka 10,000 a lokaci guda idan ba a sauya maxclients ba, kuma adadin yana raguwa idan tsarin na'urar bai yarda a buɗe fayiloli masu yawan haka ba. A ɗauka akwai na'urori 20, kowace da ma'aikata 8, wato kwafin manhajar da ke gudana a kanta, kowane ma'aikaci da taska mai layuka 50. Jimla 8,000, ƙasa da iyaka. Amma ranar da za a saki sabuwar siga, idan sababbin na'urori suka tashi kafin tsofaffin su sauka, adadin yana iya kaiwa 16,000, Redis ya fara korar masu shigowa da saƙon cewa ya cika. Taska ta kowane ma'aikaci ce, ba ta kamfani ba, kuma nan ne lissafin mutane da yawa ke karkacewa.

Wa'adi da layin da ya mutu a tsaye

Layi yana iya mutuwa ba tare da ko ɗaya daga ɓangarorin biyu ya sani ba. Redis da kansa ba ya rufe layin da ke zaman banza, domin saitinsa na timeout sifiri ne. Amma na'urorin da ke tsakani suna yi. NAT Gateway na Amazon yana manta layin da ya yi shiru sakan 350. Azure Cache for Redis yana rufe wanda ya yi minti 10 ba motsi. Manhaja ta ɗauko irin wannan layi daga taska da asuba, ta aika umarni, wani lokaci ta zauna jiran amsar da ba za ta zo ba. Idan ba ta da wa'adi nata, Linux zai yi ta sake aikawa har kusan minti 15 kafin ya haƙura.

Saboda haka wa'adi uku ake buƙata, kuma kowanne daban: na buɗe layi, na jiran amsar umarni, da na jiran aro daga taska. 'Yan aike sun bambanta a nan ƙwarai. Jedis yana zuwa da sakan 2, StackExchange.Redis da sakan 5, redis-py kuwa ya daɗe yana zuwa ba tare da wa'adin jiran amsa ba sai mai manhaja ya saka. Ga rumbun da ke amsawa cikin millisakan ɗaya, jiran sakan 5 ma ya yi yawa idan ajiyar kusa kawai yake yi, wato yana riƙe kwafin abin da ke babban rumbu. Gara a haƙura da wuri a je babban rumbun. Ga layukan da ke zaman banza kuma, akwai ɗan saƙon tabbatar da rai na TCP. Redis yana aika shi duk sakan 300 tun sigar 3.2, amma a ɓangaren manhaja, Linux sai bayan awa biyu yake farawa idan ba a rage ba. Wasu 'yan aike suna iya aika PING kafin su yi amfani da layin da ya daɗe a ajiye.

Abin da ya faru da ChatGPT a 2023

Mutuwar layi ba ita ce mafi muni ba. Mafi muni shi ne layin da ke raye amma lissafinsa ya rikice. A ranar 20 ga Maris 2023, kamfanin OpenAI ya dakatar da ChatGPT na ɗan lokaci bayan wasu masu amfani sun fara ganin kanun hirarrakin wasu mutane a shafinsu. Bayanin da kamfanin ya fitar ya nuna tushen matsalar yana cikin redis-py, a ɓangarensa na asyncio.

Ga yadda abin yake. An aika buƙata a layi, kafin a karɓi amsarta sai aka soke ta. Amsar ta iso ta zauna a layin, layin kuma ya koma taska kamar lafiyayye. Na gaba da ya are shi ya aika tasa buƙatar, sai ya karɓi amsar wancan. Galibi hakan kuskure kawai yake haifarwa, amma idan siffar amsar ta dace da wadda ake jira, manhaja sai ta karɓa ta nuna. Wani sauyi da kamfanin ya yi a ranar ya sa sokewa ta yawaita. A cewarsa, kashi 1.2 cikin ɗari na masu biyan kuɗin ChatGPT Plus da suka yi amfani da shi cikin wasu awanni tara, mai yiwuwa an ga sunansu, da imel, da adireshin biyan kuɗi, da lambobi huɗu na ƙarshen katinsu.

An gyara laburaren. Amma ƙa'idar da abin ya fito da ita ta shafi kowane ɗan aike: amsoshin Redis ba su ɗauke da lambar da ke nuna ta wace tambaya ce, jeri kawai ake bi. Layin da wa'adinsa ya cika ko aka soke aikinsa a tsakiya, rufe shi ake yi a buɗe sabo, ba a mayar da shi taska. Duk wanda ya rubuta nasa tsarin aro da mayarwa, wannan ne wurin da ya fi cancantar gwaji.

Sake gwadawa

Idan umarni ya gaza, a sake aikawa? Ya danganta da umarnin. SET na ƙima ɗaya sau biyu ba ya sauya komai. INCR kuwa ƙari yake yi, LPUSH yana tura sabon abu cikin jeri. Idan umarnin ya isa, amsar ce ta ɓace a hanya, sake aikawa zai ƙirga sau biyu. Mai manhaja ya san abin da ɗan aikensa ke maimaitawa da kansa. Sannan idan rumbu ya faɗi ya tashi, dubban ma'aikata za su ruga su sake haɗuwa a sakan ɗaya, su sake kayar da shi. Maganin shi ne kowa ya riƙa ninka lokacin jiransa bayan kowace gazawa, tare da ɗan bambanci da ba a tsara ba don kada su iso tare.

Idan uwar garke ta wuce ɗaya

A tsarin Sentinel, akwai jagora da mataimaka masu kwafin bayanansa, da masu gadi, aƙalla uku, da ke saurare a ƙofa 26379. Manhaja ba ta riƙe adireshin jagora; tana tambayar masu gadi wane ne jagora yanzu. Wadda aka rubuta mata adireshin kai tsaye, bayan sauyi za ta tarar tana magana da mataimaki, ya ƙi karɓar rubutu da saƙon READONLY. Kuma tunda kwafi yana biyo baya ne, ba a lokaci guda ba, rubutun da jagora ya amsa gab da faɗuwarsa yana iya salwanta.

Redis Cluster, wanda ya fito a sigar 3.0 ta 2015, yana raba makullai zuwa gurabe 16,384 a tsakanin na'urori. Idan aka tambayi na'urar da ba ita ke riƙe da gurbin ba, sai ta amsa da MOVED tare da adireshin mai shi. Dole ɗan aike ya san wannan yare, ya riƙe taswirar gurabe, ya sabunta ta, ya kuma buɗe layi zuwa kowace na'ura, abin da ke ninka lissafin layukan da aka yi a baya. Sashe na 0 kaɗai ke aiki a nan.

Tsaro

An gina Redis ne da zaton yana cikin gida, tsakanin na'urorin da aka amince da su, kuma shekaru da dama yana zuwa ba kalmar sirri. A 2015 Sanfilippo da kansa ya nuna yadda za a iya amfani da rumbun da aka bari a buɗe a intanet wajen rubuta fayil a na'urar, a ƙwace ta. Maharan da ke dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto sun yi ta bin wannan hanya. Sigar 3.2 ta kawo yanayin kariya, inda rumbun da ba shi da kalmar sirri ba ya amsa wa kowa sai na'urarsa. Sigar 6.0 ta kawo TLS da ACL, wato jerin izini da ke ba kowace manhaja suna nata da umarnin da aka yarda mata. Manhajar da karatu kawai take yi ba ta da dalilin samun izinin FLUSHALL, mai share rumbu gaba ɗaya. Kalmar sirri kuma a ajiye ta a saitin muhalli ko ma'ajiyar sirri, kada ta shiga rubutun manhaja da ake ɗorawa a GitHub.

Sauyin lasisi da abin dubawa

A Maris 2024 kamfanin Redis ya sauya lasisin manhajar, abin da ya sa Linux Foundation, da goyon bayan Amazon da Google da Oracle, ta ɗauki sigar 7.2.4 ta ci gaba da ita da sunan Valkey. A Mayu 2025 Redis 8 ya ƙara lasisin AGPL a cikin zaɓuɓɓukansa. Ga mai sarrafa layuka, su biyun suna magana da ƙa'idar RESP, a ƙofa ɗaya, kuma tsofaffin 'yan aike suna aiki da kowanne a umarnin yau da kullum. Bambanci zai riƙa bayyana ne a sababbin umarnin da kowane ɓangare ke ƙarawa, don haka wanda ke son barin wa kansa hanyar ƙaura ya lura da waɗanda yake dogara da su.

Ko wanne aka zaɓa, rumbun yana faɗin halin da layukansa ke ciki. Umarnin INFO yana nuna connected_clients, yawan waɗanda ke haɗe yanzu, da rejected_connections, waɗanda aka kora, da total_connections_received, jimlar da aka taɓa karɓa. Idan wannan na ƙarshe yana hawa da ɗaruruwa a kowane sakan alhali na farkon bai motsa ba, akwai manhajar da ke buɗewa tana rufewa. CLIENT LIST zai nuna adireshin kowane layi da tsawon shirunsa, kuma idan kowace manhaja ta sa wa layukanta suna da CLIENT SETNAME tun lokacin buɗewa, za a gane mai laifin a kallo ɗaya.